"Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi": To Wanda Aka Kora Fa?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ya tayar min da ita wani shirin talabijin ne na Amurka, Battlestar Galactica, almarar kimiyya da aka fara nunawa a ƙarshen 2003 aka kammala a 2009. Ga wanda bai gani ba: mutane ne ke zaune a duniyoyi 12, sai Sailon, mutum-mutumin da suka ƙera da hannunsu, suka yi musu ruwan makaman nukiliya rana guda. Waɗanda suka tsira kimanin 50,000 ne, suna cikin jiragen sararin samaniya ana farautarsu. Shugabarsu Laura Roslin, wadda ministar ilimi ce kafin harin, tana da farin allo inda take rubuta yawan waɗanda suka rage, kullum sai ta goge ta rage lamba. Akwai kashin da abokan gaba ke cim musu duk bayan minti 33, kwana biyar ba wanda ya runtsa. A ƙarshensa aka ce mata an haifi yaro a ɗaya daga cikin jiragen, ta goge ta ƙara ɗaya, ya koma 47,973. Wurin nan ya tsaya min a rai. Shin karin maganar nan ta hau kan irin waɗannan mutane?

Malam Mai Alawayyo:
Wa alaikumus salam. Ba ta hau ba, ɗan'uwa. Dubi kalmar "bari". Wanda ya bar gida shi ne wanda ya tafi ci-rani ko fatauci ya shantake, ba aike ba saƙo, a yi suna ba shi, a yi rasuwa ba shi. Ranar da ya dawo sai ya tarar an raba gona, an ba ƙaninsa ɗakinsa, yara suna tambayar wane ne wannan. Gargaɗi ce ga mai yanke zumunci. Wanda aka ƙone masa gari ba barin gida ya yi ba, raba shi aka yi da gida. Shi karin maganarsa daban: in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Bazazzaga:
Malam, na yarda da asalin, amma karin magana tana girma ta wuce inda aka haife ta. Gida ba ya tambayar dalilin tafiyarka. Ko da son ranka ka fita ko da bindiga a ƙeya, bango zai zube, wani zai shiga gonar. A shirin ma da suka isa duniyar da suka yi shekaru suna nema, kufai suka tarar, wutar nukiliya ta cinye ta tun shekaru 2,000 da suka wuce. Dualla, wata jami'a a jirgin yaƙinsu, ba ta iya ɗaukar wannan ba, ta kashe kanta.

Ɗan Kurmi:
Yaya Bazazzaga, kin kawo ni inda nake son zuwa. Mu Hausawa ba gini kaɗai muke kira gida ba. In aka ce "ya gida?" ai ba katanga ake tambaya ba. Muna cewa maigida, uwargida. To idan ginin ya tafi, ƙasar ta tafi, dangi sun mutu, duk nauyin kalmar sai ya koma kan mutum biyu. Ina ganin abin da shirin ya fi iya nunawa ke nan. Ku ɗauki Kanar Saul Tigh, mataimakin kwamandan jirgin yaƙinsu, da matarsa Ellen. Kafin harin aurensu ya riga ya lalace, shi ga shaye-shaye, ita ga bin maza, har an nuna shi yana ƙona hotonta. Ya ɗauka ta mutu. Bayan makonni sai ga ta a wani jirgi da ranta, ya rungume ta kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Ba halinta ne ya gyaru ba. Ita kaɗai ce ta rage daga duk abin da ya sani.

Malam Mai Alawayyo:
Wannan ta dawowar wanda aka cire rai da shi babbar mas'ala ce a wurinmu. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10 kafin ta yi wani aure. Mata da yawa da rikicin Arewa maso Gabas ya raba da mazajensu suna cikin wannan hali, ba su da aure a hannu, ba su kuma zama zawarawa ba.

Bazazzaga:
Amma Ɗan Kurmi, ka faɗi ƙarshen labarin Ellen mana. Bayan sun sauka a wata duniya da suka sa wa suna Sabuwar Caprica suna zaune a tantuna, Sailon suka mamaye su. Aka kama Saul, aka cire masa ido ɗaya a tsare. Ellen ta ba da kanta ga Cavil, ɗaya daga cikin shugabannin Sailon masu siffar ɗan Adam, don a sake shi. Da aka yi mata barazanar za a sake kama shi, ta miƙa taswirar inda 'yan gwagwarmaya za su haɗu, aka kashe mutane. Da asiri ya tonu, mijin da ta yi duk wannan dominsa shi ya zuba guba a kofi. Ta karɓa ta sha, ta mutu jingine da shi yana kuka. Ana cewa aure yaƙin mata. Ita wannan yaƙin ta yi da abin da take da shi, kuma a hannun wanda ta ceta ta faɗi. In aure ne gidan da ya rage mata, ai shi ma ya bar ta. Har yau in na tuna wurin nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Na Zinder:
Ni a wajena cin amana ta yi, Hajiya. Waɗanda suka mutu su ma suna da mata. Kuma akwai wani auren a shirin da ya tsaya: Helo da Sharon. Ita Sailon ce, jinsin waɗanda suka hallaka mutanensa, an kulle ta, an ƙwace 'yarsu Hera aka ce musu ta mutu. Bai sake ta ba duk da zagin da yake sha.

Bazazzaga:
Ban ce ta yi daidai ba. Na ce ba wanda ya ba ta wata ƙofa.

Ɗan Kurmi:
Wanda bai gama kallo ba ya yafe min. Zuwa zango na huɗu an gano Saul da Ellen su kansu Sailon ne, 'yan waccan duniyar da ta zama kufai, kuma can ma miji da mata ne. An shafe musu tunani, aka jefa su cikin mutane, suka sake haɗuwa suka sake aure ba tare da sun san sun taɓa yi ba. Sau biyu gida yana barinsu.

Uwar Biyu:
Ban taɓa kallon shirin nan ba, 'yata ce ke karanta min abin da kuke rubutawa, na ce ta rubuta min nawa. Daga Baga muka fito a watan Janairu na 2015, da ƙafa, ni da maigidana da yara. Masunci ne, yana da kwale-kwale biyu, bai taɓa cin abincin da ba guminsa ba. Inda aka fara sauke mu a Maiduguri maza gefe guda mata gefe guda, sai da rana muke haɗuwa a gindin bishiya mu gaisa kamar surukai. Da aka zo rabon kati sunana aka rubuta. Ni ke bin layi in karɓo masara da mai, shi yana zaune. Wata rana na ajiye masa tuwo na ce "maigida, ga abinci", ya ɗago ya ce, "Wane gidan?" Bai ci ba. Daga ranar na daina kiransa haka, sai in ce Baban Hassan.

Na ga aure da yawa sun mutu a wurin, ba don ƙiyayya ba. Namiji ya rasa abin da zai riƙe sai faɗa, mace ta gaji. Namu Allah Ya tsare. Da muka samu ɗaki a cikin gari, rabin ɗaki ne, zani muka rataya tsakaninmu da wasu iyalin. Ya fara sayar da busasshen kifi a tire. Ranar da ya fara kawo cefane da kuɗinsa, daddawa ce da barkono da kuka a ƙullin leda, ya tsaya bayan zanin ya yi sallama da ƙarfi, irin wadda yake yi a ƙofar zaurenmu na Baga. Na amsa na ce, "Sannu da zuwa, maigida." Bai hana ni ba.

Malam, da girmanka, ni dai Baga ta bar mu. An ce wasu ne a gidan yanzu.

Malam Mai Alawayyo:
Allah Ya mayar muku da alheri, Hajiya. Ki gaida min Baban Hassan.