Neman shawara: gaba ko baya maitokondiriya ke taruwa idan ƙwayar halitta tana tafiya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina binciken digiri na biyu a kan tafiyar faibiroblas, wato ƙwayoyin halittar da ke samar da zaren da ke haɗa sassan jiki. Nakan karce shimfiɗarsu a faranti, in bi yadda suke rufe gurbin. Na rina maitokondiriya (sassan cikin ƙwaya masu samar mata makamashi) da rinin MitoTracker, sai na ga a wasu ƙwayoyin sun miƙe har bakin gaba, alhali na karanta cewa a baya suke taruwa. Wanne zan riƙa? Kuma ya dace in sa nokodazol, sinadarin da ke rushe hanyoyin jigila na cikin ƙwaya, don in tabbatar jigilar maitokondiriya ce ke tafiyar da ƙwayar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun gaskiya ne, nau'in ƙwayar ne ya bambanta. Abin da kika karanta ya shafi limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, inda binciken Campello da abokan aikinta na 2006 ya nuna maitokondiriya na taruwa a jelar ƙwayar, su ba da makamashi ga miyosin na biyu, furotin mai matse bayanta. A faibiroblas da ƙwayoyin sankara da dama kuwa gaba suke nufa, domin can ake ɗaura zaren aktin mai tura ƙwaya gaba, ana kafa maƙalan da ƙwaya ke kama ƙasa da su ana warwarewa, aikin da ke cin ATP, wato makamashin ƙwaya, sosai. Furotin kainesin ne ke jan su gaba a kan maikirotubul, wato siraran bututun da ke zama hanyoyin jigila a cikin ƙwaya, furotin dainin ya maido su wajen cibiyar ƙwaya, furotin Miro1 da TRAK kuma su ne ke ɗaure su ga waɗannan injinan. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan kalsiyam ya ƙaru ya kama Miro1, sai jigilar ta tsaya, maitokondiriyan su yi zamansu daidai inda ake bukatarsu.

Amsa ta biyu: 'Yar'uwa, ni ban goyi bayan nokodazol ba. Yana rushe maikirotubul gaba ɗaya, ƙwayar ta rasa gaba da baya, don haka in tafiya ta ragu babu wanda zai yarda cewa maitokondiriya ne sanadi. Gara ki rage Miro1 kaɗai ta hanyar siRNA, wato gajeren sinadarin da ke hana ƙwaya samar da furotin da aka zaɓa. A 2017 Schuler da abokan aikinsa sun nuna cewa faibiroblas na ɓera marasa Miro1 maitokondiriyansu na cunkushewa a gefen cibiya, makamashi ya yi ƙasa a bakin ƙwayar, tafiyarta ta yi nauyi.

Amsa ta uku: Ki rage hasken maikiroskof da yawan rinin, domin haske mai ƙarfi kan farfasa maitokondiriya. Ki kuma sa maitomaisin C, maganin da ke hana ƙwayoyi rabuwa, kada rabuwar ƙwayoyi ta cike gurbin ki ɗauka tafiya ce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe zan kai wa malamina shawarar Miro1, in fara da rage hasken kafin kayan su iso.