Bikin ranar haihuwa na gimbiya a gida: ta ina zan fara?

Maman Gimbiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarinyata za ta cika shekara 5 nan da mako biyu, kuma ta nace ita dai gimbiya take son zama ranar. Ina so in shirya komai da kaina a falo: kek ɗin nan mai siffar rigar 'yar tsana, kambi, da ɗan wasa. Yara nawa ya dace in gayyato, kuma yaya ake kek ɗin bai rushe ba?

Mai kek:
Wa'alaikumus salam, Allah ya raya mana ita. Bari in ɗauki kek ɗin, don a nan aka fi samun matsala.

Siket ɗin rigar a kwano mai zurfi ake gasa shi, na ƙarfe ko na gilashin da ke jure obin, mai cin lita 2. Kwaɓi: bota giram 225, sukari 225, fulawa 225, ƙwai 4, bakin hoda ƙaramin cokali 2. Ki shafe kwanon da bota ki barbaɗa fulawa. Wuta digiri 160, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata. Wutar kek na yau da kullum ta yi masa yawa, saboda kwanon yana da zurfi: gefe zai ƙone, tsakiya kuma na nan ɗanye. Ki soka dogon tsinke har ƙasa, in ya fito a bushe ya yi. In saman ya fara duhu tun ciki bai nuna ba, ki rufe shi da takardar foyil.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tsayi. Kwanon shi kaɗai ba ya kai wa kugun 'yar tsana. Ki auna ta daga ƙafa zuwa kugu tun kafin ki kunna wuta, sai ki gasa faifan kek ɗaya ko biyu masu faɗin bakin kwanon, ki ɗora na kwanon a kife a kansu. Ki huda tsakiya da wuƙa, ki naɗe ƙafafun 'yar tsanar da ledar abinci, ki ɗaure gashinta sama, sannan ki zura ta.

Kirim: bota giram 250, garin sukari mai laushi giram 500, madara babban cokali 2. Ki fara shafa siriri ko'ina don ya kama ɓurɓushi, ki sa a firji minti 30, sannan ki yi shafi na biyu da ado. Kek mai ɗumi yana narkar da kirim, shi ya sa ake gashi ana gobe biki. Launi kuwa na jel za ki saya, ki ɗiba da bakin tsinke, don na ruwa yana tsinka kirim. Ruwan hoda yana ƙara turuwa in ya jima, ki tsaya tun bai kai yadda kike so ba.

Kyandir kada ya je jikin rigar. Gashin 'yar tsana roba ne, yana narkewa ya kama wuta. Ki jera kyandir ɗin 5 a kan wani ɗan kek daban.

Malamar nazire:
Yara 6 zuwa 8 sun isa falo, kuma awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne iyakar haƙurin 'yan shekara 5. Ki rubuta lokacin tashi a katin gayyata.

Da sun shigo ki zaunar da su yin kambi, wannan zai riƙe waɗanda suka fara zuwa har sauran su iso. Ki yanka kwali mai ɗan kauri tun da wuri, tsawo santimita 56, faɗi 10, ki fitar da tsini a sama. Su yi adonsu yana shimfiɗe, sannan ki gwada a kan kowa ki manne da salatif. Ki ba su sitika da duwatsun ado masu gam a baya. Gam na ruwa ba ya bushewa kafin a tashi, garin ƙyalƙyali kuma ido yake shiga. In akwai yara maza, kambin yarima ne, babu wani shiri na daban.

Daga nan wasa biyu, bai wuce minti 10 kowanne ba. Ki ɓoye “dukiyar fada” a falo su nema, amma ki ce kowa guda 3 zai ɗauka ya tsaya, in ba haka ba mai wayo ɗaya zai kwashe. Sai rawar daskarewa: a kunna kiɗa, a kashe, kowa ya ƙame. Kada ki cire wanda ya motsa, a wannan shekarun fitar da yaro daga wasa kuka kawai yake kawowa. Abinci da kek su zo a ƙarshe.

Mai ɗinki:
'Yar'uwa, siket ɗin da yarinyar za ta sa ba sai an hau keke ba. Ki yanka roba ta gaza kugunta da santimita 5, ki ɗinke bakin. Ki yanka yadin net falle-falle, faɗi santimita 15, tsawo ninki biyu na tsawon da kike so, ki ninka kowanne biyu ki ɗaura a jikin robar. Falle 40 zuwa 50 zai cika. Ya tsaya a gwiwa ko ƙasa kaɗan, mai jan ƙasa yana kayar da yara. Net yana ƙaiƙayi, ta sa wando mai laushi a ciki, kuma yana saurin kama wuta, babba ya tsaya kusa lokacin hura kyandir.

Ni a ganina launi biyu sun isa ado, ruwan hoda da ruwan gwal. Babban kwalin firji da aka yanka wa ƙofa da taga ya zama fada, kuma ya fi duk wani ado ɗauke musu hankali.

Malamar nazire:
Ƙari kan ado: balan-balan mai gas ba ya kwana a sama, da safen ranar ake cika shi, na iskar famfo kuwa ana iya hurawa ana gobe. Wanda ya fashe a tsince nan take, guntunsa yana toshe maƙogwaron yaro. In ƙanne 'yan ƙasa da shekara 3 za su zo, a ɗauke duwatsun ado daga inda hannunsu zai kai, inabi kuma a raba shi a tsaye gida huɗu. Ki tambayi iyaye tun wajen gayyata ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai ko madara.

Maman Gimbiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai kek, firjina ba zai ci kek ɗin da 'yar tsana a tsaye ba, yaya zan yi?

Mai kek:
Ki gama shafe siket ɗin ki sa shi a firji ba ita. Ranar bikin, bayan kin fito da shi, ki zura ta, ki rufe mahaɗar kugu da kirim, ki yi mata saman riga da ribon. Ki fito da shi awa ɗaya kafin yanka don botar ta saki, ki ajiye inda rana ba ta bugawa.