Muhawara: Nauyin kaya ne ya ci sojojin laima a Nomandi?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Sojojin laimar Amurka da suka dira Nomandi, a arewacin Faransa, daren 6 ga Yuni 1944 a Yaƙin Duniya na Biyu, kayansu ya cuce su. Laima biyu, bindiga, harsasai, gurneti, nakiya, abinci, ga rigar hana nitsewa. Wani sai an turo shi ta baya kafin ya hau jirgin C-47. Jamusawa kuwa sun riga sun cika fadamar kogin Merderet da ruwa, wasu suka faɗa ciki suka nitse.

Hajiya Binta: Malam, ka manta da tsibirin Kirit na Girka a 1941? Yawancin Jamusawa ƙaramar bindiga da wuƙa da gurneti kaɗai suka diro da su. Manyan bindigogin a akwatuna aka jefo daban. Mutum ya sauka yana neman akwatinsa ana harbinsa. Asarar da suka yi ta sa Hitila bai ƙara yarda da babbar dira irin wannan ba.

Malam Sani: Hajiya, ai ban ce su je hannu rabbana ba.

Baba Garba: Ku saurara, yara. Matsalar ba nauyi ba ce kawai, maɗaurin ne. Laimar Ingila makulli ɗaya ne a ƙirji, ka murɗa ka buga, ka fita. Ta Amurka sai ka ɓalle ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. To ka gwada haka cikin ruwa, cikin duhu, laima na jan ka.

Auwalu: Baba, gaskiya ne wai Turawan Ingila ba su da laima ta biyu?

Baba Garba: Ƙwarai. Ɗaya tak. Daga ƙasa-ƙasa ake dira, in ta farko ta ƙi buɗewa, da wuya a samu lokacin ta biyu.

Malam Sani: Kun gani? Ta biyun ma lodi ne kawai. Ga jakar makamai da ake ɗaurewa a ƙafa, wadda Amurkawa suka aro daga Ingila: jiragen na gudu fiye da kima, iska ta fizge ta, da yawa suka sauka ba bindiga.

Hajiya Binta: To wannan laifin gudun jirgi ne, Malam, ba na jaka ba. Kuma wanda ya sauka ba bindigar, kayan ne suka yi masa yawa ko kaɗan?

Malam Sani: Bari in dawo daga masallaci.