Ina so in sayar da hannun jari in sayi rago, yaushe ya kamata in sa oda?

Mai tambaya, daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan hannun jari a kamfanin siminti da na sadarwa, ta manhajar wani dillali nake saye. Babbar Sallah ta ƙarato, ina so in sayar da wani kaso in haɗa kuɗin rago da ɗinkin yara. Na lura idan na sa oda bayan isha'i sai ta kwana a rataye. Shin kasuwar na da lokacin ci da na tashi ne? Hutun Sallah yana shafarta? Tsorona kada kuɗin su maƙale har a sauko daga idi.

Wani ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Manhajar ce ba ta rufewa, amma cinikin a kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas ake yin sa, Litinin zuwa Juma'a, da rana kawai. A da, an yi shekara da shekaru ana tashi ƙarfe biyu da rabi. Duba saƙon dillalinka, duk canjin lokaci nan suke sanarwa. Odar dare sai gari ya waye, kuma farashin da ka gani jiya ba lallai ka same shi ba.

Tsohon ma'aikacin banki, Sabon Gari:
Malam, lokacin buɗewa ba shi ne zai cuce ka ba, lissafin kwanaki ne. Ranar da aka sayar ba ranar ake biya ba. Sai CSCS, masu ajiyar hannayen jarin, sun kammala musayar tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da kwana uku ne, a watan Nuwamba na 2025 aka rage zuwa biyu. Kuma kwanakin aiki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi, ban da ranar hutu.

Mu ɗauki biyun. A ce Sallah ta faɗo Laraba, gwamnati ta ba da Laraba da Alhamis. Ka sayar Litinin kana ganin ka yi sammako. Talata kwana ɗaya, na biyun sai Juma'a. Nan ma asusunka na wajen dillali kuɗin za su sauka, sai ka nemi a tura maka banki, wannan ma da nasa jiran. Kafin nan an gama suyar nama.

Sa'arka ɗaya, Babbar Sallah ce. Da zarar fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin watan Zulhajji, ka san ranar idi. Ƙaramar ce mai rikita lissafi. A 2024 an ba da Talata da Laraba, wata bai tsaya ba, azumi ya cika talatin, aka ƙara Alhamis 11 ga Afrilu. Wanda ya sayar a farkon makon nan ya ga jira.

Ni dai da ni ne, mako guda kafin idi na gama.

Wata malama, Kongo:
Ƙari kaɗan. Hutun da ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ta sanar shi ke rufe kasuwar. Na gwamnan jiha bai shafe ta ba. Mu nan Zazzau ana iya kasancewa ana Hawan Daushe, Legas tuni sun koma ciniki.

Ɗalibi, Samaru:
Baba, idan akwai na Amurka a cikin manhajar taka, tsarinsu daban. Ba ruwansu da Sallah. Suna buɗewa tara da rabi na safe agogon New York, su tashi ƙarfe huɗu. A agogonmu, daga Maris zuwa farkon Nuwamba biyu da rabi na rana ne zuwa tara na dare, sauran watannin kuma uku da rabi zuwa goma, saboda suna juya agogo, mu ba ma yi. Hutunsu irin su 19 ga Yuni da 4 ga Yuli.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Nawa duk na gida ne. Amma idan na sayar yanzu, ribar shekara fa? Ɗaya kamfanin ya sanar zai raba.

Tsohon ma'aikacin banki:
Nemi sanarwar, akwai ranar da suke rufe rajistar masu cin ribar. Wanda sunansa ke ciki a ranar shi ake biya, ko da ya sayar daga baya. Idan ranar ta kusa, taɓa ɗayan kamfanin ka bar wannan.