Abin da na tsinta a hirar Turanci ta majalisarmu

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura aka ɓalle da hirar yadda yaranmu ke faɗuwa Turanci a WAEC da NECO, bari in taƙaita maku abin da malaman cikinmu suka ce.

Wai kar a tsorata da ginin jimla, tsarin ɗaya ne da namu: mai aiki, aiki, sai abin da aikin ya faɗa ma. Musa ya sayi rago, Musa bought a ram. Amma mu dole sai mun sa "ya" ko "ta" bayan suna, shi ya sa yaro zai rubuta Musa he bought, to wannan he ɗin a cire shi kawai.

Inda aka fi daɗewa shi ne lokaci. A Hausa kalmar aikin ba ta cika motsi ba, na tafi, zan tafi, ina tafiya, gaba ake canzawa, a Turanci kuwa aikin kansa ke rikiɗa, go ya koma went, eat ya koma ate, kuma waɗannan babu wata dabara sai hadda kamar ta allo. Sai ɗan s ɗin nan na she goes, he eats, wallahi har masu digiri yana kayar da su.

Wani malamin firamare ya ce mota da riga duk it ne, kar a ce masu she don mu mun maida su mata.

An yi gardama kan haddace dokoki ko yawan karatu, ni dai ina bayan masu cewa yaro ya riƙa karanta shafi guda kullum da ƙarfi, ya rubuta gajerun jimloli biyar a duba mashi.