Banki ya ce lauyana ba ya cikin jerinsu, ya zan yi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara cikin gaggawa. Mun samu gida mai ɗaki uku a Bradford kan fam 180,000, mai gida ya sallama, banki ma ya amince zai ba da bashi. Jiya dillalin bashin ya bugo ya ce lauyan da na sa ba ya cikin jerin lauyoyin da bankin ke aiki da su, wai fanel. Lauyan nan shi ya yi mana takardun zama tun zuwanmu, mutumin kirki ne, har na tura masa kuɗin fara aiki. Ina ruwan banki da wanda zai tsaya mini?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Barka da arziki ɗana, Allah ya sa gidan albarka ne. Bari su Malam su farka, su suka san kan abin.

Malam na Leeds: Barka Baban Hanifa. Ruwan banki a ciki shi ne, a cinikin gida da bashi yawanci lauya ɗaya ne ke yi wa ku biyun aiki, kai da bankin. Shi zai bincika takardun mallaka ya rubuta wa banki cewa gidan ba shi da wata rigima, shi za a tura wa kuɗin bashin gaba ɗaya, shi kuma zai yi rajistar jinginar a Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje na gwamnati. Wanda zai saka fam dubu ɗari da wani abu a asusun wani ai dole ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Ba raina lauyanka aka yi ba. Ina zaton shi kaɗai ne a ofishinsa?

Baban Hanifa: Shi kaɗai ne Malam, sai sakatariya.

Malam na Leeds: To ka ji. Bankuna da yawa ba sa ɗaukar ofis mai lauya ɗaya tal. Wasu kuma sai ofishin yana da shaidar CQS, wato ta ƙwarewa a cinikin gida da ƙungiyar lauyoyi ta Law Society ke bayarwa, wasu har yawan cinikin gidan da ofis ke yi a shekara suke dubawa. Tsohon zance ne, a 2012 HSBC ya taɓa rage nasa jerin zuwa kamfanoni 43 kacal, aka yi ta ƙorafi kafin ya sassauta.

Anti ta Manchester: Ƙanina, hanya biyu ce. Ko ka riƙe lauyanka banki ya ɗauki nasa daban, idan ma ya yarda da hakan, ka biya su duka biyun, kowace takarda ta riƙa zirga-zirga tsakanin ofis biyu. Ko ka canza tun yanzu da ba a yi nisa ba. Ni dai canzawa na ce. Wanda ya ƙware a biza daban, wanda ya ƙware a cinikin gida daban, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka je ka same shi da kanka ka yi masa bayani, zai gane, kuma ya kamata ya dawo maka da abin da bai riga ya kashe ba.

Autan Zaure: Anti, lauyan ba zai iya neman shiga jerin ba kawai?

Anti ta Manchester: Zai iya nema, ta kamfanonin da ke kula wa bankuna da jerin, irin su Lender Exchange ko LMS, ake bi. Amma wa zai jira? Takardar amincewar banki tana da wa'adi, yawanci wata shida, wasu ma uku. Kuma a Ingila kafin a yi musayar kwantiragi mai gida na iya juyawa ya sayar wa wani, ba abin da za ka iya yi masa.

Kawu Birmingham: Ni abin da zan ƙara, kada ka ruga wurin lauyan da dillalin gidan zai nuna maka. Sau da yawa akwai la'ada a tsakaninsu, kuma haƙƙinka ne ka tambaya a gaya maka nawa ce. Na taɓa bin irin wannan, wani katafaren kamfani mai arha da komai ta intanet. Sati uku ina bugawa, kullum sabuwar murya, kowa sai na sake masa labari daga farko. Araha ba ta ado. Ka kira ofis uku, tambayar farko kafin ma gaisuwa ta yi nisa: kuna cikin jerin banki kaza? A rubuto maka amsar ta imel. Sannan sunan mutumin da zai riƙe fayil ɗinka. Sannan farashi a rubuce, da VAT, da kuɗin bincike, da na tura kuɗi, da na rajista, kada a ce maka kaza ka zo ka ga an ninka.

Malam na Leeds: Kuma ba dole sai cikakken lauya ba. Akwai masu lasisin cinikin gida zalla, hukumar CLC ke kula da su, lauyoyi kuma SRA. Kowanne ka samu ka duba sunansa a rajistar hukumarsa. Tunda Yorkshire ne, kada ka yi mamaki in an ƙara maka binciken tsofaffin ramukan haƙar kwal a kan na kansil da na ruwa da na muhalli.

Maman 'Yan Biyu: Ku bar ni in faɗi tawa, don ni ba fanel ne ya kusa kayar da ni ba, adashi ne. Kafin alƙalamin gidanmu kusan rabinsa kwasar adashi ce, mu goma sha biyu muke zubi. Lauya ya ga kuɗi sun faɗo asusuna daga mutane daban-daban, ya ce kowanne sai na yi bayani. Na ce adashi ne, ya ce mene ne adashi? Ranar na ga ta kaina. Sai da uwar adashi ta kawo littafinta, na fitar da bayanan banki na watannin da na yi ina zubi, aka haɗa wasiƙa, kafin ya gamsu. Da a hannu muke zubawa da ban san yadda zan yi ba. Ba mugunta ba ce, dokar hana halasta kuɗin haram ce ta ɗaure shi.

Hajiya Babba: Ai littafin nan da kuke mini dariya a kansa, kun ga ranarsa.

Anti ta Manchester: Haka ma kuɗin da aka aiko daga gida. Idan mahaifi ko yaya ne ya taimaka, sai ya sa hannu a wasiƙa cewa kyauta ce ba rance ba, kuma ba shi da kaso a gidan, ya ba da shaidarsa da bayanan asusunsa. Lauya kuma dole ya sanar da banki, yana cikin littafin ƙa'idojin ƙungiyar bankuna ta UK Finance da lauyoyi suke bi, kowane banki da nasa sharaɗin a kashi na biyu. Wasu bankunan ba sa son kyauta daga waje sam. Lokacin da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a 2023 tambayoyin sun ƙaru, ko da yake an cire ta daga jerin a 2025. Wanda ya bi ta hannun ɗan canji ba takarda, shi ne ke shan wahala.

Baban Hanifa: Namu albashi ne muka tara, sai fam dubu biyar da Yayana ya turo ta banki. Kuma an ce ba zan biya harajin sayen gida ba tunda na farko ne.

Malam na Leeds: Tsaya. Kana da gida a Najeriya? Ko kaso a gidan gado?

Baban Hanifa: Gidan marigayi Baba a Zariya, mu bakwai ne, an raba a takarda.

Malam na Leeds: Allah ya jiƙansa. To ka gaya wa sabon lauyan ranar farko. Rangwamen nan, wato ba haraji har zuwa fam 300,000 tun 1 ga Afrilun 2025, na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne a ko'ina a duniya, kuma gado ma mallaka ce. Idan ka rasa shi abin da sauƙi, kashi 2 cikin ɗari na abin da ya haura 125,000, wato fam 1,100 a naka. Inda ake kuka shi ne ƙarin kashi 5 na mai gida na biyu, wanda zai zama fam 9,000 a kai, amma sai kasonka ya kai darajar fam 40,000. Kashi ɗaya cikin bakwai a canjin yanzu, da wuya. Lauya dai ya yanke, ba ni ba.

Autan Zaure: Ni fa tambayata, masu gudun bashi da ruwa fa? Su ma akwai fanel?

Kawu Birmingham: Akwai, har ya fi tsauri. A tsarin bankunan Musulunci irin su Gatehouse banki ne ke sayen gidan tare da kai, kana biyan haya kan kasonsa kana saye a hankali. Takardun sun bambanta, ba kowane ofis ya taɓa gani ba. Ka tambayi lauya ko ya taɓa yin irinsa, sau nawa. Haraji dai sau ɗaya ake biya, tun 2003 aka gyara wannan.

Hajiya Babba: A bar zancen halas da haram zuwa wani zaman, kada zauren ya kama da wuta kamar bara.

Anti ta Manchester: Abu ɗaya kafin in shiga aiki. Ranar tura kafin alƙalami, in ka ga imel wai ofis ya canza lambar asusu, kada ka tura ko kwabo. Ka buga lambar wayar da ke kan wasiƙarsu ta farko. Ɓarayin sun fi so ranar Juma'a, ranar da aka fi karɓar makulli.

Baban Hanifa: Na dawo. Na kira ofis uku, biyu suna cikin jerin, ɗaya a nan Bradford ina iya takawa da ƙafa, shi na ɗauka. Na je wurin tsohon lauyana da kunya, ashe shi ma yana shirin kirana, ya ce zai dawo da kuɗin ban da na tantance shaida. Na turo wa Yaya samfurin wasiƙar kyautar. Malam, takardar rabon gadon da Hausa aka rubuta ta a kotu, a ina zan samu mai fassarar da za su yarda da hatiminsa?

Malam na Leeds: Tambayi lauyan tukuna ko yana buƙatarta, kada ka kashe kuɗi a banza. In ya ce e, yi mini magana ta gefe bayan la'asar.