Yaya ake kayar da Mr. Shakedown a Yakuza 0?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan na fara buga wasan Yakuza 0 na kamfanin Sega a kwamfuta, kuma gaskiya ya kama ni. Labarin ya fara ne a Tokyo, cikin Disamba 1988, a unguwar Kamurocho. Kiryu, wanda nake wasa da shi, ƙaramin ɗan ƙungiyar 'yan daba ta Dojima, ya je karɓo bashi, sai aka tsinci gawar wanda ake bin bashin a wani ɗan fili da manyan ƙungiyar ke hanƙoron mallaka. Maganar duk da Jafananci ce, sai bin rubutu a ƙasa, kuma surutun farkon ya yi tsawo, amma dambe ya biya.

Matsalata ƙaton nan Mr. Shakedown da ke yawo a titi. A wasan nan da kuɗi ake sayen ƙarfi da sababbin dabarun faɗa, shi kuwa in ya kayar da kai sai ya kwashe duk abin da ke aljihunka. Naushi kaɗan ya isa ya gama da ni. Na gwada salon faɗa mai sauri na Rush don in riƙa kauce masa, amma dukana ba ya yi masa komai. Da salon Beast mai ƙarfi kuma kafin in ɗaga keke ya riga ya shimfiɗe ni. Maganin ƙara lafiya ma na saya, ya ƙare.

Shin in kashe kuɗina a kan dabaru tukuna in riƙa gudunsa, ko akwai makami ko salon da ke cin sa tun a babi na 2? Kuma in na kayar da shi daga baya, kuɗina duka za su dawo? Don Allah kada a faɗa mini ƙarshen labarin, ko Majima, ɗaya jarumin wasan, ban kai ba.